Girman zangarniya ba shi ne yawan buhu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu tsoma baki a wata magana da ta zama ruwan dare a zangonninmu na Kumasi da Akra, tun da matasa da 'yan kasuwa suka fara zuba kuɗi a noman shinkafa a Nobewam da Asutsuare da kwarin Fumbisi. Maganar ita ce ta "iri mai yawan amfani". Mai talla zai ɗaga zangarniya guda, doguwa, ta sunkuya don nauyi, ya ce a duba da ido, mai saye kuma ya ƙirga sidi ya miƙa. A ganinmu daga nan asarar take somawa. Zangarniya guda ba ta faɗin abin da eka za ta bayar, kuma sau da yawa irin da ya fi burge ido a hannu shi ne yake ba da kunya a kan sikeli.

Abu huɗu ne suke haɗuwa su zama buhu: yawan zangarniya a fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya, yawan ƙwayar da ke jikin kowace zangarniya, kason da ya cika daga cikin ƙwayoyin nan, sai nauyin ƙwayar. Ninka su ake yi, ba tarawa ba, shi ya sa in ɗaya ya faɗi sai ya ja sauran ƙasa. A ɗauki misali. Wanda ya dasa da tazarar santimita 20 ta kowane gefe yana da gindi 25 a murabba'in mita. In kowane gindi ya ba da zangarniya 10, an samu 250. In kowace tana da ƙwaya 100, kashi 80 cikin ɗari suka cika, ƙwaya dubu kuma tana da nauyin giram 25, abin da zai fito giram 500 ne. Wannan tan 5 ke nan a hekta, wato buhu 50 mai cin kilo 100, ko kimanin buhu 20 a eka.

Yanzu a jera iri biyu a lissafi. Na farko mai ƙaton kai ne, ƙwaya 160 a zangarniya, amma zangarniya 180 kawai yake yi a murabba'in mita, kuma kashi 60 ne suke cika. Na biyu kansa madaidaici, ƙwaya 100, amma zangarniya 280, kashi 85 cikakku. Nauyin ƙwayarsu ɗaya. Na farko zai tsaya a tan 4.3, na biyu ya kusa tan 6. Duk wanda aka miƙa wa zangarniyoyin nan biyu a kasuwar Asawase, na farko zai zaɓa, kuma ya zaɓi asarar buhu kusan 7 a kowace eka.

Dalilin da ya sa ba a samun duka huɗun a sama lokaci guda shi ne abincin da tsiron yake haɗawa yana da iyaka. Ganyaye uku na sama, musamman na ƙarshen nan da ke tsaye a gindin zangarniya, su ne suke ɗura yawancin sitacin da ke cika ƙwaya a cikin kwana 30 ɗin da ke tsakanin fitar kai da nuna. In aka ƙara yawan ƙwaya ba a ƙara ƙarfin ganye ba, tukunyar ba ta ƙaru ba, bakuna ne suka ƙaru. Ƙwayoyin saman zangarniya su suke fara buɗewa, su suke fara ci, na gindin kuma su tashi holoƙo ko rabin ciki. Duk mai son gani ya kama zangarniyar babban kai ya murza ƙwayoyin da ke kusa da wuya tsakanin yatsu biyu, zai ji suna lotsewa kamar ba komai a ciki. Haka nan in aka matsa wa yawan 'ya'ya, wato karan da suke tohowa daga gindi, na bayan da suka fito a makare ba sa yin kai, sun sha taki a banza, in ma sun yi kai ba sa nuna tare da sauran.

Manyan masana ma sun taɓa faɗawa wannan rami. Wajen ƙarshen shekarun 1980 cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, da ke Los Baños a ƙasar Filifin, ta zana wani sabon fasalin tsiro: 'ya'ya kaɗan, kara mai kauri, ƙwaya 200 zuwa 250 a zangarniya. An samu fasalin ta hanyar amfani da shinkafar Indonesiya, amma layukan farko, wato nau'o'in da ake kan gwadawa kafin a fitar da iri, ba su ba da abin da aka sa rai ba, saboda ƙwayar ba ta cika sosai kuma jikin tsiron gaba ɗaya bai kai yadda ake so ba. Sai da aka koma aka sake haɗa su da irin da aka saba, aka ƙara musu 'ya'ya, kafin suka fara amfani.

Babban tsallen da aka taɓa yi a amfanin shinkafa bai zo ta girman kai ba, ta gajarta kara ya zo. A 1962 Peter Jennings, masani a IRRI, ya haɗa Peta, doguwar shinkafar Indonesiya, da Dee-geo-woo-gen, gajeriya daga Taiwan. A zuriya ta biyu aka ga dogaye uku ga gajere ɗaya, alamar cewa ƙwayar gado guda ce take riƙe da gajartar. Daga zuriyar nan abokin aikinsa Henry Beachell ya tsamo layin da aka fitar a 1966 da sunan IR8. Doguwar shinkafa in ta sha taki sai ta ƙara tsawo da ganye, kai ya yi nauyi, iska ta kaɗa, ta kwanta a ruwa. Gajeriya mai kimanin mita ɗaya tana tsaye, takin ya tafi ga ƙwaya. A tsohon iri, in aka auna dukan tsiron busasshe, ƙwaya kusan kashi 30 ce, saura tattaka. A gajeren iri ƙwaya ta kai kusan rabi. Amma IR8 ba ta yi daɗi a baki ba, cikin ƙwayarta da farin alli, ƙwari da cututtuka kuma suka yi mata rubdugu, sai da IR36 ta zo a 1976 da IR64 a 1985 aka gyara waɗannan.

To me ya kamata mai zaɓe ya duba a gonakinmu na nan? Mu dai tsayuwa muke sa wa a gaba, kuma ba tsawo kaɗai ake nufi ba. A tsuguna a kama gindin kara a matsa. Gaɓoɓin ƙasa su zama gajeru masu kauri, kuben ganye ya naɗe su tam. A tura gindin da tafin hannu har ya karkata, a saki, a ga ko zai miƙe nan take. A gonar ban-ruwa irin ta Kpong ko Tono ko Bontanga, tsawon santimita 90 zuwa 110 ya wadatar. A kwarin da ruwan sama kaɗai yake ciyarwa, inda ruwa yakan taru ya kai gwiwa bayan mamako, gajere sosai yana nutsewa kuma ciyawa tana shanye shi, don haka a ƙara masa tsawo kaɗan, muddin karan yana da ƙarfi. Shinkafar da ta kwanta mako biyu kafin girbi cikarta ta tsaya ke nan: ganye ya rufe ganye, ƙwayar da ta taɓa ruwa ta tsira a jikin kai, injin girbi kuma ya bi ta kanta ya wuce.

Bayan tsayuwa sai ganye. Ana son na sama ya miƙe tsaye, mai kauri, ya ci gaba da zama kore har ƙwaya ta fara ja. Ganyen da ya miƙe yana barin rana ta ratsa zuwa na ƙasa, wanda ya lanƙwashe kuma inuwa yake yi wa 'yan'uwansa. Wannan ya fi muhimmanci a kudu, domin a yankin Ashanti gajimare yakan rufe sama a Yuni da Yuli har cikin Agusta, kuma hasken da shinkafa ta samu a makonni shida na ƙarshe shi ne yake yanke hukuncin cikar ƙwaya. Akwai wata riba ta gefe: ganyen ƙarshe in ya ɗara zangarniya tsawo yana ɓoye ta daga tsuntsaye. Duk wanda ya biya kuɗin yaran kora daga asuba zuwa magariba ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai gyara a nan yana da farashinsa, domin ganye miƙaƙƙe tun yarinta ba ya danne ciyawa. Abin nema shi ne tsiron da yake bazuwa da wuri ya rufe ƙasa, sannan ya miƙe in ya ɗauki ciki.

A nan shinkafarmu ta gado take da abin bayarwa. Shinkafar Afirka, wadda aka fara nomawa a fadamun kogin Kwara na ƙasar Mali shekaru dubbai da suka wuce, tana danne ciyawa da faffaɗan ganyenta, tana jure ƙasa maras ƙarfi da wasu cututtukan yankin. Aibinta uku: kwanciya, zubewar ƙwaya da zarar ta nuna, da ƙarancin ƙananan rassa a zangarniya. Haɗa ta da ta Asiya yana da wuya don 'ya'yan farko yawancinsu ba sa yin ƙwaya. Monty Jones, ɗan Saliyo, da abokan aikinsa a cibiyar binciken shinkafa ta WARDA da ke Bouaké a ƙasar Kodebuwa, wadda yanzu ake kira AfricaRice, suka warware wannan a shekarun 1990 ta hanyar maimaita haɗin da ɓangaren Asiya, aka samu irin NERICA. Ya samu kyautar abinci ta duniya a 2004 tare da Yuan Longping na ƙasar Sin.

Sai wuyan zangarniya. Ya fito sarai daga kube. In gindin kai ya maƙale a ciki, ƙwayoyin da suka maƙale ba sa samun barbara, ruwa yana kwanciya a wurin, ruɓa ta shiga. Zubewa kuma tsaka-tsaki ake so. A damƙi nunanniyar zangarniya a tafin hannu a matsa sau ɗaya a buɗe. In kusan duka suka zube, rabon tsuntsu da ɓera ne. In ko ɗaya bai fita ba, masu bugu a jikin ganga za su sha wuya kuma ƙwaya za ta bi tattaka.

Kwanakin nuna su ma hali ne da ake zaɓa. Daga lokacin da kai ya fara ƙulluwa a cikin kara zuwa girbi kusan kwana 60 zuwa 65 ne a yawancin iri, bambancin mai sauri da mai jinkiri yana a lokacin yin 'ya'ya ne. Iri mai kwana 95 bai samu lokacin tara jiki ba, mai kwana 150 kuma a arewa ruwa zai ɗauke ya bar shi da ciki. Zafi da ya haura digiri 35 a safiyar da fure ya buɗe yana hana barbara, sanyin dare na hunturu a lokacin ciki shi ma yana kashe bununi. Ko wanne ya faru, kai zai fito tsaye cak, fari, ba nauyi, manomi ya ɗora laifin a kan taki ko maganin feshi alhali ranar shuka ce ba ta dace da irin ba. Wasu tsofaffin iri kuwa ba kwana suke ƙirgawa ba, gajartar yini suke jira, ko yaushe aka shuka su sai wajen Oktoba ko Nuwamba suke fitar da kai. Irin waɗannan ba su da amfani ga mai noma sau biyu a shekara.

Bari mu faɗi yadda ake haɗa iri, domin da yawa suna zaton in aka shuka iri biyu kusa da juna za su gauraya su haifi na uku. Ba haka ba ne. Furen shinkafa yana ɗauke da namiji da mace a cikin ɓawo ɗaya, kuma yakan yi wa kansa barbara kafin ma ya gama buɗewa. Wanda yake samun bununin waje bai cika kai ɗaya cikin ɗari ba. Mai haɗawa sai ya riga furen. Da la'asar yakan zaɓi zangarniyar uwa da ta fito rabi, ya cire furannin sama da suka riga suka buɗe da na ƙasa da ba su ƙosa ba. Sauran ya yanke kashi ɗaya cikin uku na saman kowane ɓawo da ƙaramin almakashi, a karkace, ya sa ɗan hantsaki ya zaro mazan guda shida ɗaya bayan ɗaya ba tare da ya taɓa macen mai kama da gashin tsuntsu ba. Ya ƙirga su, domin in guda ya saura aikin ya ɓaci, abin da zai fito uwar ce kawai. Ya rufe da jakar takarda. Washegari tsakanin ƙarfe 9 da 12 na rana, lokacin da furen uba yake buɗewa, ya kawo zangarniyar uban ya kaɗa a cikin jakar. Bununin shinkafa ba ya wuce kamar minti 5 da rai bayan ya fita, don haka ba a ɗauko shi daga nesa, kuma safiyar da aka tashi da ruwa ba a samun komai. Bayan kwana 21 zuwa 25 za a ga ƙwaya tsirara ta leƙo ta bakin yankakken ɓawon. Saboda fure yana buɗewa na 'yan kwanaki ne kawai, ana shuka iyayen sau uku ko huɗu da tazarar mako guda don a dace.

Zuriya ta farko duk kamarsu ɗaya, kuma sukan yi ƙarfi fiye da iyaye. A ta biyu ne komai yake watsewa: dogo, gajere, mai sauri, mai jinkiri, mai ƙamshi, maras ƙamshi. Ƙamshi hali ne mai ɓuya, tsiro ɗaya cikin 4 ne yake fitowa da shi. In ana son ƙamshi da gajarta tare, ɗaya cikin 16. In halaye biyar irin waɗannan ake nema, ɗaya cikin 1,024. Wannan ne ya sa ake dasa dubbai a wannan zuriya, tsiro ɗaya a kowane gindi, ba uku ko huɗu ba, don a san wanda ake kallo.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne zaɓen yawan amfani daga tsiro guda. Tsiron da ya yi 'ya'ya 30 wataƙila maƙwabcinsa ne ya mutu ya bar masa fili, ko yana bakin kunya, ko ya faɗa inda taki ya taru. 'Ya'yansa ba za su gaji wannan ba. Abin da ake zaɓa a zuriyoyin farko shi ne halin da ƙasa da taki ba sa juya shi sosai: tsawo, kwanakin nuna, siffar ƙwaya da nauyinta, ƙamshi, juriyar cuta. Yawan 'ya'ya da yawan amfani sai layi ya daidaita. Gaurayen gado yana raguwa da rabi a kowace zuriya, rabi a ta biyu, rubu'i a ta uku, har ya koma kusan kashi 3 cikin ɗari a ta shida. Da damina biyu na Kumasi da ban-ruwa ana iya yin zuriya biyu zuwa uku a shekara, musamman in ƙwaya guda ake ɗauka daga kowane tsiro a shuka a cunkushe don ya yi saurin fitar da kai. Yanzu kuma ana yankar ɗan guntun ganye a duba a ɗakin bincike ko tsiron yana ɗauke da gadon ƙamshi ko na juriyar cuta tun yana wurin reno. Duk da haka daga haɗi zuwa buhun iri a hannun manomi shekara 8 zuwa 10 ba abin mamaki ba ne.

Gwajin amfani yana da ƙa'idodin da in aka tsallake ɗaya adadin ya zama labari. Kowane layi a dasa shi a fangali uku ko huɗu a warwatse cikin gonar, ba a jere a gefe ɗaya ba, domin kwari ɗaya ma ƙasansa da samansa ba ɗaya ba ne. A bar layuka biyu na gefe, tsakiya kaɗai ake girba a auna. A sa irin da manoman wurin suka saba da shi a matsayin ma'auni, AGRA ko Jasmine 85 misali, da taki ɗaya da rana ɗaya. A daidaita danshi zuwa kashi 14: kilo 100 da aka auna da danshin kashi 24 kilo 88 ne in ya bushe, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa iri maras kirki ya zo na ɗaya. A maimaita a wurare da yawa, aƙalla damina biyu. Kuma a gwada da takin da manomi zai iya saya. Buhun yuriya mai kilo 50 sinadarin naitirojin kilo 23 ne a ciki, layin da ya yi fice da buhu biyar a hekta ba lalle ne ya yi fice da buhu biyu ba.

Cuta ita ma a gaban cuta ake gwada ta. Kwaruruwan Ashanti da yawa suna da gubar ƙarfe, wadda ake ganewa da jan ruwa mai maiƙo a sama da ganye ya koma kalar tsatsa. Akwai cutar nan mai rawaya ganye ta tsumburar da tsiro, wadda ƙwari da gogayyar ganye suke yaɗawa, ba ta kuma da maganin feshi sai iri mai juriya. Akwai cutar da take ƙona wuyan zangarniya ya karye, wadda yawan yuriya da raɓa suke ƙara wa ƙarfi. Layin da bai taɓa haɗuwa da waɗannan ba, adadin da ya bayar a gonar bincike aro ne. Ga masu fama da ambaliya kuma akwai gadon Sub1 da aka samo daga wata tsohuwar shinkafar Indiya, FR13A, wanda yake sa tsiro ya jure nutsewa har kusan mako biyu.

Ko an ci dukan waɗannan jarrabawa, saura ta Hajiya mai shago a Aboabo da mai tukunyar jalof a Nima. Shanshera kilo 100 takan ba da ɓuntu kusan kilo 20, dusa 8 zuwa 10, tsabar shinkafa 65 zuwa 70. Kuɗin yana ga nawa ne suka fito ba su karye ba. Ƙwaya mai farin ciki kamar alli tana farfashewa a inji. Dogayen sirara su kasuwar birni take so, saboda bakin mutanen Akra da Kumasi ya saba da mai ƙamshin da ake shigowa da ita daga Biyetnam da Tailan, amma su ne kuma suka fi saurin karyewa in aka bar su suka bushe ƙarau a gona. Girbi a danshin kashi 20 zuwa 25 ya kamata. A arewa iskar hunturu takan busar da ita fiye da kima kafin injin girbi ya iso, ƙwaya ta tsage a cikin ɓawo, shi ya sa mata suke turara ta kafin a kai inji. Mai tuwon shinkafar ranar Lahadi mai laushi da danƙo take nema, mai jalof kuma warara. Iri ɗaya ba zai gamsar da su biyun ba, kuma wanda ya ba da tan 7 amma 'yan kasuwa suka ƙi taya shi bai kai mai tan 5 da ake rububi ba. Wannan ne ya sa Jasmine 85, wadda cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala ta fitar da sunan Gbewaa, da AGRA da aka fitar a 2013 suka samu karɓuwa. Cibiyar binciken amfanin gona ta Fumesua, nan bayan garinmu, inda Dakta Maxwell Darko Asante ya daɗe yana aikin shinkafa, da cibiyar WACCI ta Jami'ar Gana a Legon, da aka kafa a 2007 don horar da masu inganta iri, su ne wuraren da ya kamata mai zuba jari ya fara tambaya kafin ya saurari mai talla.

Manomi ba zai ƙirƙiri sabon iri a gonarsa ba, amma zai iya lalata mai kyau cikin damina uku, kuma da hannunsa. Lokacin ɗibar iri ido yakan tafi ga kawunan da suka ɗago sama da sauran. Waɗannan su ne baƙi: wani iri ne da ya biyo injin girbi daga gonar maƙwabci, ko ragowar bara da ta tsira, ko jar shinkafar nan mai zubewa da wuri. Wanda ya tara su ya yi iri da su, baɗi gonarsa hawa-hawa za ta fito, wani ya nuna wani yana fure, ba ranar girbin da za ta dace da duka. Yadda ake yi shi ne a shiga tsakiyar gona, a bar bakin kunya da wurin suri da inda aka taɓa jibge taki. A ɗebi zangarniya 100 zuwa 200 daga gindin da tsawonsu da nunarsu suka yi daidai da yawancin gonar, cikakku har wuya, ba tabon cuta. Kada a haɗa su. Kowace a shuka ta a layinta. Lokacin fitar kai a bi layi-layi, duk wanda ya saɓa a tsawo ko lokaci ko siffar ƙwaya a tumɓuke shi gaba ɗaya, ba tsiro ɗaya ba. Sauran a girbe da lauje, a buga a kan tamfol mai tsabta, a shanya har danshi ya sauka zuwa kashi 12 ko 13, a zuba a sabon buhu, a ɗora a kan katako nesa da bango. Kafin shuka a ƙirga ƙwaya 100 a naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, a duba bayan mako guda. In ƙasa da 80 suka tsira, a nemi wani. Wanda aka girbe kwanan nan a ba shi 'yan makonni tukuna, domin wasu iri sukan yi barci bayan girbi.

Wannan duka bai shafi irin haɗin farko da kamfanoni suke sayarwa ba, wanda Sin ta fara nomawa sosai tun 1976. Shi ƙarin da yake bayarwa, kashi 15 zuwa 20, na zuriya ɗaya ne. Wanda ya ajiye ƙwayarsa ya sake shukawa zuriya ta biyu ya shuka, da duk watsewar da muka bayyana a sama, har da masu fitowa ba ƙwaya. Dole a gaya wa mai saye wannan tun kafin ya biya.

Roƙonmu ga wakilanka, Malam Edita, shi ne duk ranar da aka gayyace su bikin fitar da sabon iri aka ce yana ba da tan kaza a hekta, su tambaya a wace gona aka auna, da buhun taki nawa, a wane danshi, kuma nawa AGRA ta bayar a fangalin da ke kusa da shi a wannan daminar. Su tambaya ko kwamitin ƙasa mai kula da fitar da iri ya amince da shi kamar yadda dokar tsirrai da taki ta 2010 ta tanada, da kuma ko buhun yana ɗauke da takardar shaidar masu duba iri. In kuma an kai su gona, su nemi sanda huɗu masu tsawon mita ɗaiɗai, su ajiye a tsakiyar fili inda mai gonar bai nuna musu ba, su ƙirga kawunan da ke ciki, su sussuke guda goma a bokitin ruwa, su rubuto mana nawa suka nutse nawa suka taso.

Wassalam.

Daga wasu masu aikin iri da gwajin shinkafa,
Asawase, Kumasi.